Gari Biyu a Gefen Kufai Biyu: Sharhi a kan Isa da Sabon Birnin Gobir

 A wannan fili namu na sharhi mun saba ɗaukar gari guda daga cikin garuruwan ƙasar Hausa mu dubi asalinsa da mazauninsa da sana'ar mutanensa. Yau kuwa, da yardar Allah, gari biyu za mu ɗauka a haɗe, watau Isa da Sabon Birni, waɗanda ke can ƙuryar gabashin Jihar Sakkwato, dab da iyakar Jamhuriyar Nijar, domin duk wanda ya yi niyyar ba da labarin ɗayansu ya bar ɗaya, lalle zai iske labarinsa ya tsaya a tsakiya kamar zanen da aka saƙa aka bar shi ba a ɗinke ƙwaryoyinsa ba.

Mu fara da ruwa, tun da shi ne ya riga kowa zuwa wurin. Akwai gulbi biyu, Bunsuru da Gagare, waɗanda suke tasowa daga tuddan ƙasar Katsina da Zamfara, su yi ta gangarowa yamma da arewa har su haɗu a kusa da Isa, daga nan kuma sai a daina kiran kowannensu da sunansa, a koma cewa Gulbin Rima. Shi Rima sai ya miƙe arewa, ya bi ta gefen Sabon Birni, inda wani gulbin yake zuwa ya tarye shi, shi ne Gulbin Maraɗi, wanda al'amarinsa yake da ban mamaki, domin a ƙasar Katsina yake tasowa, ya wuce ta Jibiya ya shiga Nijar, ya shayar da Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, sa'an nan ya juyo ya komo Nijeriya, kamar falken da ya tafi cin kasuwa ya dawo gida da riba. Bayan sun gamu, sai Rima ya karkata yamma ya nufi Goronyo da Wurno da Sakkwato, ya tafi da ruwan nan duka har ya zuba shi cikin Kwara.

Wanda bai san wannan ƙasa ba, in ya zo ta da rani ya ga rairayi da ƙaya da busasshiyar iska, sai ya yi zaton babu abin da zai riƙe ɗan Adam a wurin, alhali kuwa ƙasa biyu ce Allah ya shimfiɗa ɗaya a gefen ɗaya. Akwai tudu mai jigawa, inda damina ba ta fi wata huɗu ba, daga wajen Yuni zuwa Satumba, a nan ake shuka gero da dawa da wake da gyaɗa, manomi yana duban sama yana roƙon Ubangiji. Akwai kuma fadama, wadda gulbi yake malalewa a kanta kowace shekara ya bar mata laka mai albarka, a nan ake samun shinkafa da damina, in ruwa ya janye kuma a shiga noman rani, a dasa albasa da tafarnuwa da tattasai da taba da dankali, da can ana ɗibar ruwa da jigo, yanzu kuwa ƙarar injin ban-ruwa ce take tashin mutum da asuba. Makiyayi ma in ciyawar tudu ta ƙare, fadamar nan ce mafakarsa. Saboda haka duk wanda ya mallaki wannan kwari ya mallaki abinci shekara zagaye, wannan kuwa shi ne sirrin da ya sa sarakuna suka daɗe suna zubar da jini a kansa.

Waɗanda suka riga riƙon kwarin su ne Zamfarawa, babban birninsu kuwa, watau Birnin Zamfara, kufansa ba shi da nisa da inda Isa take a yau. Su kuwa Gobirawa, kamar yadda masana tarihi suka tabbatar, daga arewa suka fito, daga wajen Azbin, suna ta matsowa kudu zamani bayan zamani, suka zauna a Birnin Lalle da wasu wurare cikin ƙasar da take Nijar yanzu, har a ƙarni na 18 suka fara shigowa ƙasar Zamfara a matsayin baƙi masu neman wurin noma. Ruwayar da ta shahara a bakin dattawa ita ce, Sarkin Zamfara ya sauke su a gonar alƙalinsa, daga nan ne wurin ya samu sunan Alƙalawa. To, baƙon nan bai daɗe ba ya fi mai masaukinsa ƙarfi, domin a zamanin Sarkin Gobir Babari, wajen shekarar 1762, Gobirawa suka ci Birnin Zamfara da yaƙi, suka mayar da Alƙalawa gidan sarautarsu, suka kewaye ta da ganuwa, har ta zama ɗaya daga cikin manyan biranen ƙasar Hausa, mai fada da kasuwa da malamai da baƙi daga kowace nahiya.

A wannan birni ne Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki, sarkin da har gobe in an ambaci sunansa Bagobiri yakan gyara zama. A zamaninsa ne kuma wani malami Bafillace, haifaffen Maratta cikin ƙasar Gobir ɗin nan a shekarar 1754, watau Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yi masa rahama, ya shahara da wa'azi da karantarwa. An ruwaito cewa da suka haɗu a Magami ranar idi, wajen shekarar 1788, sarki ya miƙa wa malamai kyauta mai yawa, Shehu ya ƙi karɓa, ya nemi abu biyar a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama ma'abota rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, kada kuma a nauyaya wa talakawa haraji. Ina roƙon mai sauraro ya riƙe wannan na biyar a zuciyarsa, domin za mu komo gare shi. Bawa ya amsa, amma bayan rasuwarsa, a zamanin Nafata da ɗansa Yunfa, al'amari ya ɓaci tsakanin fada da jama'ar Shehu, har aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, aka gwabza a Tabkin Kwatto, aka yi ta ɗauki ba daɗi shekara huɗu, har a watan Oktoba na 1808 rundunar da Muhammadu Bello ɗan Shehu yake jagoranta ta shiga Alƙalawa, aka kashe Yunfa. Birnin da ya rushe Birnin Zamfara shi ma bai cika shekara hamsin da yin haka ba ya bi sahunsa, kufansa yana nan cikin ƙasar Sabon Birni, ganuwa ta zama tudu, fada ta zama gona.

Sai dai faɗuwar birni daban, miƙa wuyan mutanensa daban, ba banza ba kuwa ake yi wa ƙasar kirari da Gobir gidan faɗa. Gobirawa suka watsu, suna taruwa nan a kore su, su taru can, wani lokaci a ƙulla amana wani lokaci a warware, har zuwa yaƙin Gawakuke a shekarar 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi nasara a kan taron dangin Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda. Waɗanda suka tsira suka tafi tare da jagoransu Mayaƙi suka kafa Tsibiri a bakin Gulbin Maraɗi, kusa da 'yan'uwansu na gudun hijira, Katsinawan Maraɗi, daga can suka ci gaba da kawo hari. Shi kuwa Bello, da yake malami ne kuma mai hangen nesa, ya gane cewa yaƙin shekara-shekara ba ya tsare iyaka, sai ya koma ga wata sunna ta magabata wadda ake kira ribaɗi, watau a kafa gari mai ganuwa a bakin daga, a zaunar da mayaƙa da iyalinsu, a kawo limami da alƙali da mai karantar da yara, a jawo maƙera da masaƙa da majema, a ba makiyaya wurin zama, domin tsaro ya zama aikin mazauna wurin da kansu, dare da rana. Isa tana cikin garuruwan da suka tashi a kan wannan manufa, aka danƙa ta ga Aliyu Ƙarami ɗan Bello, wanda daga baya ya zama Sarkin Musulmi a shekarar 1866, har yau kuwa mai riƙe da garin ana ce masa Sarkin Gobir na Isa.

Muna da shaidar wani baƙo da ya ga garin da idonsa a wancan zamani, shi ne Bajamushen nan matafiyi, Barth, wanda ya yi yawo ƙasar Hausa da sunan Abdulkarimu. A shekarar 1853 ya taso daga Katsina ya bi ta Zurmi da Badarawa ya sauka a nan, ya rubuta sunan wurin da lafazin Sansanin Isa, ya kuma bayyana shi a matsayin kagara ta gaba-gaba wadda ke fuskantar Gobirawa da Maraɗawa. Daga nan ayarinsu ya faɗa Dajin Gundumi, suka yi tafiyar awa 26 ba sauka, mutum da dabba suna faɗuwa don gajiya, saboda tsoron 'yan hari, kafin su kai Gawasu inda Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya yi sansani. Wannan suna na Gundumi ma a ajiye shi kusa da maganar haraji.

Sabon Birni kuwa ƙanen Isa ne a shekaru, kuma ta wata ƙofa dabam ya shigo duniya. A zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku, wanda ya yi sarauta daga 1859 zuwa 1866, saɓani ya auku a gidan sarautar Gobir ta Tsibiri, sai wani ɗan sarki da ake kira Ɗan Halima ya rabu da danginsa, ya nemi amana da Sakkwato, aka yardar masa ya komo kwarin Rima ya kafa gari kusa da kufan kakanninsa. Sunan da aka ba garin ya isa bayani, domin ba a cewa sabo sai an tuna da tsoho, tsohon kuwa Alƙalawa ce. Amanar nan ta sha ɓaci da gyaruwa a shekarun da suka biyo baya, amma dai tun daga ranar sarautar Gobir ta zama tana da gida fiye da ɗaya, garuruwan nan biyu kuma suka zauna a kan gulbi guda suna harare da juna, ɗaya na zuriyar Bello, ɗaya na zuriyar sarakunan Gobir, tsakaninsu bai fi zango ɗaya ko biyu ga fatake ba.

Ana cikin haka sai ga Nasara. Ingilishi da Faransawa suka zauna a ƙasashensu suka raba ƙasar da yawancinsu ba su taɓa takawa ba, a yarjejeniyar 1898 suka zana baka mai nisan mil 100 daga Sakkwato, suka sake gyara ta a 1904 da 1906, bayan Sakkwato ta faɗa hannun Ingilishi a watan Maris na 1903. Daga 1906 zuwa 1908 wakilan ɓangarorin biyu suka bi daji suna kafa alamomi, guda 148 daga Kwara har Tabkin Chadi. Da aka gama, sai Tsibiri da Maraɗi suka wayi gari a hannun Faransa, Sabon Birni da Isa a hannun Ingila, wa yana biyan haraji ga kumandan, ƙane yana biya ga Razdan, ɗan wannan yana koyon Faransanci, ɗan wancan yana koyon Ingilishi, alhali in sun gamu wurin suna ko jana'iza Hausa guda suke yi, irin wadda ake cewa wanga yaro da wagga mata.

Game da yawan jama'a, ƙidayar da aka yi a shekarar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Sabon Birni tana da mutum sama da 200,000, ta Isa kuwa kimanin 150,000, kowaccensu faɗin ƙasarta ya haura murabba'in kilomita 2,000, su biyun kuma mazaɓa guda suke a Majalisar Wakilai ta tarayya. Mafi yawan mutanen nan ba cikin garuruwan biyu suke zaune ba, suna warwatse ne a ƙauyuka irin su Gatawa da Unguwar Lalle da Kurawa da Bafarawa, garin da Alhaji Attahiru Bafarawa ya fito, wanda ya yi gwamnan jihar daga 1999 zuwa 2007. In ka tsaya ka dubi fuskoki, za ka ga Bagobiri da tsagensa, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗaya, ko da yake samarin yanzu sun fara tashi ba aska, ga Bazamfare da Bakatsine da Ba'adare, ga Bafillace da sandarsa, ga Buzu da rawaninsa, har da Bayarabe mai shago, wanda in sun haɗu da Bagobiri sai an yi wasan taubasantaka kowa yana cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa. In kaka ta wuce kuma sai ka ga ƙauyuka sun rage maza, sun tafi cin rani Kano ko Kaduna ko kurmi, ba su komowa sai hadari ya fara haɗuwa a gabas.

To, abin da ya narkar da tsohuwar gabar nan har jikokin masu harbin juna suka zama surukai, kasuwa ce. Gari irin wannan, da yake zaune tsakanin tudu da fadama, kuma tsakanin arewa mai dabbobi da kudu mai hatsi, dole ne ya zama wurin musaya, domin mai raƙumi yana da gishiri da kanwa amma ba shi da gero, mai fadama yana da albasa amma yana bukatar sa na huɗa, Bafillatana tana da nono da man shanu amma tana son zane. Ranar kasuwa tun hantsi za ka ga jakuna da amalanke da babura da motocin ɗaukar kaya sun cika tasha, 'yan awo sun baje tiya da mudu, a kara dillalai suna kama hannun mai saye da mai sayarwa suna ta albarka da sallama har a daidaita su karɓi la'adarsu, fatoma yana sauke baƙinsa yana tsaya musu, 'yan canji suna juya naira da sefa ba tare da alƙalami ba. A nan ake kawo jar akuyar nan ta Sakkwato da Maraɗi, wadda tun zamanin ayarin Sahara ake kai fatarta arewa har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, don a can suke sayenta. Kasuwannin yankin kuma kamar carbi suke, kowacce da ranarta, falke yana tashi daga wannan ya faɗa waccan, har ya kai babbar kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, wadda take ƙofar kudu. Tun da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a shekarar 1929, ta wannan ƙofa gyaɗa da fatu da kiraga suka riƙa fita zuwa bakin teku, kayan kanti kuma suna shigowa.

Amma duk wannan arziki a kan abu guda yake tsaye, shi ne amincin hanya. Mutanen iyaka sun ɗanɗana rufe ta daga hukuma, a 1984 zuwa 1986, da 2019 zuwa ƙarshen 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli 2023, kowane karo farashi ya tashi, ciniki ya koma ta barauniyar hanya, mai ƙaramin jari ya karye. Wanda ya fi wannan muni shi ne abin da ya sauka a kan yankin cikin 'yan shekarun nan, na fitinar 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane. Tun daga 2019 dubban mutane suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi neman mafaka, wajen Gidan Runji da kewayenta, watau suka bi sawun da kakanninsu suka bi bayan Gawakuke. A watan Satumba na 2021 sai da gwamnatin jiha ta rufe hanyar Isa zuwa Marnona, wadda ta ratsa Dajin Gundumi, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin. A watan Disamba na 2021 ɗin aka tare wata mota da ta taso daga Sabon Birni aka ƙone ta da matafiya fiye da 20 a ciki, a watan Agusta na 2024 kuma aka sami labarin rasuwar Sarkin Gobir na ƙasar Sabon Birni, Alhaji Isa Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi a kan hanya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ga Gundumin da Barth ya ratsa cikin firgici ta komo yadda take, ga kuma harajin da Shehu ya roƙi Bawa ya sauƙaƙa, yau wanda ba sarki ba, ba alƙali ba, shi yake aza shi a kan ƙauye, ya ce ba noma ba girbi sai an biya.

Jama'a, ba don in tayar da mikin da bai warke ba na kawo waɗannan, sai don ibarar da ke cikinsu ga masu hankali. Birnin Zamfara da Alƙalawa suna da ganuwar da ta fi ta Isa da Sabon Birni tsawo, suna da dawaki da lifidi, amma ranar da manomi ya kasa zuwa fadamarsa, falke ya sauya hanya, malami ya naɗe buzunsa ya yi gaba, ganuwar ba ta hana su zama kufai ba. Muhammadu Bello ya fahimci haka, shi ya sa ribaɗinsa bai tsaya ga mayaƙa kaɗai ba, sai da ya haɗa da alƙali mai adalci da makaranta da sana'a da wurin zaman makiyayi. Hukumomin yau, na Abuja da Sakkwato da Yamai, in suna son garuruwan nan su rayu, aikin da ke kansu bai sauya ba: a tsare hanyar Gundumi da ta Shinkafi da ta Maraɗi tsaro na dindindin, a hukunta azzalumi ko daga wace kabila ya fito, a bar wa mai gona gonarsa, a bar wa mai shanu burtalinsa da mashayarsa, ƙasashen biyu kuma su tuna cewa ɓarawo ba ya tsayawa a alamar da Nasara ya kafa. Gulbin Rima dai bai fasa kawo lakarsa ba ko shekara guda, abin da fadama take jira kawai shi ne mai dasa albasa ya iya fita da asuba ya komo da magariba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu, ya zaunar da ƙasar Gobir da sauran ƙasashenmu lafiya.